Mene ne "oganik" da ake rubutawa a jikin robar man cire tabo?

Kusan duk mai sayar da kayan gyaran jiki a Instagram da TikTok yanzu mai oganik ce. Sabulun oganik, man oganik, har ruwan goge fuska na oganik, kuma masu talla a gidajen rediyo suna furta kalmar kamar ita kaɗai ta isa shaida. Ka tambayi mai saye me ta fahimta, sai ta ce ai babu kemikal a ciki. Wannan amsar tana damuna ƙwarai, domin da ita ake shafa wa mata magunguna masu ƙarfi a fuska da sunan cire tabo.

Kalmar ta shigo mana ta Turanci, asalinta kuma Girkanci ne, daga kalmar da ke nufin kayan aiki ko gaɓar jiki. Wurin manoma, tana nufin amfanin gonar da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi, kuma a Turai da Amurka sai an duba gona an ba da takardar shaida kafin a maƙala sunan. Wurin masana sinadarai kuwa ma'anarta daban ce: sinadarin da aka gina shi a kan kabon, wato ainihin abin da ke cikin gawayi. A da sun ɗauka abu mai rai ne kaɗai ke iya samar da irin waɗannan sinadarai, sai a 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, wato sinadarin da ke cikin fitsari, wanda manomanmu ke saye buhu-buhu a matsayin taki. Tun daga nan sunan ya rabu da maganar rai ko tsiro. A wannan ma'anar fetur oganik ne, leda oganik ce, fiya-fiyar kashe sauro ma oganik ce. Haka haidirokwinon da kilobetasol, waɗanda su ne ginshiƙin yawancin man bilicin. Wato kalmar da aka rubuta a jikin roba ba ta gaya miki komai game da abin da ke cikinta ba. Ko da ma tsiron ne tsantsa, ba a tsira ba: ruwan lemon tsami idan aka shafa aka shiga rana yana ƙona fata ya bar baƙin tabo na watanni, ɗanyar tafarnuwa ma tana ƙuna.

Ruɗanin da ya fi wannan muni shi ne yadda aka haɗe tabo da launin fata aka mai da su ciwo ɗaya. Baƙar fata lafiyayyar fata ce. Akwai ƙwayoyi a cikinta da ke samar da melanin, wanda ke ba ta launi yana kuma tare mata zafin hasken rana. Tabo yana fitowa ne idan waɗannan ƙwayoyin suka zuba melanin fiye da kima a wuri guda, kuma ba su yin haka sai da dalili. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne na bayan rauni: ƙurajen fuska da aka matse, cizon sauro da aka sosa, ƙunar mai, ƙurajen aski. Idan launin a saman fata ya tsaya, yakan dusashe da kansa cikin wata 6 zuwa 12, matuƙar an magance abin da ke kawo shi. Idan ya nutse ciki yakan ɗauki shekaru. Akwai wanda likitoci ke kira melasma, mai shimfiɗuwa a kumatu biyu da goshi da saman leɓe, wanda juna biyu da ƙwayoyin tazarar haihuwa da rana ke tayarwa. Akwai kuma baƙin wuya da hammata mai kauri da laushi, wanda ake ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce, alhali sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Mai wannan, gwajin suga ya kamata ta fara yi, domin babu man da zai taɓa tushen abin.

To amma duk waɗannan roba ɗaya ake miƙa musu, ba sunan sinadari, ba lambar NAFDAC, a ce a shafa safe da dare tun daga goshi har tafin ƙafa. Abin da ke sa a ga "haske cikin sati ɗaya" yawanci sitiroyid ne, irin su kilobetasol da betametason, magungunan da aka yi don cututtukan fata masu tsanani na ɗan lokaci. Idan aka daɗe ana shafawa fata tana yin siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, ƙuraje da ƙyasbi su yi yawa, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Yana kuma ratsa fata ya shiga jini, ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Wasu mayukan kuma zaiba ake sa musu, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya cutar da ɗan da ke ciki.

Haidirokwinon shi ne wanda labarinsa ya fi ba ni takaici. Magani ne na gaske, yana rage aikin ƙwayoyin melanin, kuma likitocin fata suna rubuta shi na 'yan watanni, a ɗiga a kan tabon kaɗai. Idan aka mai da shi man shafawa na kullum, shekara da shekaru, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu wanda da ƙyar yake fita. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo tun 1975, a jikin mata baƙar fata masu shafa man bilicin. A kasuwa kuwa sai a ce mata ƙunar rana ce, a sayar mata da wata robar mai ƙarfi fiye da ta farko. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Ghana ta bi sahu a 2016, NAFDAC kuma ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100. A 2023 hukumar ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Mai haɗa mai a bayan shago ba ta da ma'aunin da za ta san kashi nawa ta zuba.

Maganin tabo na gaskiya ba shi da armashin talla, domin a hankali yake aiki. Da farko a kashe tushen: a magance ƙurajen, a daina matsa. Sai kariya daga rana, da man kariya mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama, da lema ko inuwa, domin rana ce ke ƙara wa kowane tabo duhu, kuma zancen cewa baƙar fata ba ta buƙatar wannan kuskure ne. Sannan akwai abubuwan shafawa da aka gwada, kamar asid ɗin azelayik, nayasinamayid, bitamin C, da tiretinoyin wanda mai juna biyu ba ta amfani da shi. Kafin a ga bambanci sai an yi wata biyu zuwa uku. Ɓare saman fata da asid ko amfani da na'urar leza suna aiki a hannun ƙwararre, amma a baƙar fata kuskure kaɗan yana barin tabon da ya fi na farko, saboda haka ban yarda a miƙa fuska ga wadda ta koyi aikin a kwas na sati biyu ba.

Wadda ta daɗe tana shafa haɗin da ba ta san cikinsa ba, idan ta daina rana ɗaya fuska takan yi zafi da ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wannan ne ke mai da yawancinsu wurin mai sayarwa. Gara ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata a asibitin koyarwa ko na ƙwararru, ya tsara mata yadda za ta janye a hankali. Tabon da kuma ya fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, yana girma ko yana sauya kama, kada a shafa masa komai kafin likita ya gani, domin a waɗannan wuraren ne wani nau'in kansar fata ya fi fitowa ga masu baƙar fata.