Daga tsaraba zuwa alat

Shekaranjiya da daddare a wajen mai shayinmu na Bauchi Road saura kaɗan a ba hammata iska, kuma abin dariyar cikin masu musun babu ko ɗaya da ya taɓa wuce Legas. Wai wani yaron unguwa ne da ke Ingila ya ce ya daina turo wa kowa kuɗi sai mahaifiyarsa, shi ne majalisa ta rabu biyu, wasu suna cewa ya yi butulci ya manta wa ya saida fili aka mishi biza, wasu suna cewa ai ya ma yi haƙuri da ya kai yanzu. Ni dai ina gefe da kofina, abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda kowa ke magana kamar jiya aka fara wannan abu, alhali rigimar ta girmi kakanninmu.

Mu fara da kanmu ma. Mu Hausawan Jos ai da yawanmu jikokin 'yan ci-rani ne, mu ne "ƙasar waje" ta wancan lokacin. Tun da Turawa suka fara haƙar kuza a farkon shekarun 1900 mutane ke kwararowa daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno, wasu lebura wasu fawa wasu ɗinki wasu koli, balle da jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da nan wajen 1914. Abin da ya koro da yawansu haraji ne, Bature ya ce da tsabar kuɗi za a biya, manomi kuma hatsi gare shi ba sulalla ba, sai a tura saurayin gida bariki bayan girbi ya yi wata uku huɗu a ramin kuza ya koma da kuɗin harajin gidan gaba ɗaya, da ɗan turmin atamfa na inna. Kenan tun asali ba kanshi ya je nema wa ba, gida ne suka aike shi. Akwai ma waɗanda ba su zo da son ransu ba, lokacin yaƙin duniya na biyu daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo mutane dole, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, sanyin nan ya kashe da yawa. Waɗanda suka zauna suka yi aure su ne suka cika su Gangare da Dilimi da Bukur da Barikin Ladi, kuma har suka tsufa ba su daina aika wa ƙauye ba, ƙauye ma bai daina aiko musu da gero da daddawa ba.

Kafin kuza kuwa akwai fatake. Ayarin goro ya tashi daga Kano zuwa Gwanja, kasuwar Salaga, da madugu a gaba da jakuna, tafiya da dawowa sai ta cinye shekara ko fiye. Wasu ba su dawo ba, su ne suka kafa zango-zango a Kumasi da Akkara. Gidan Alhassan Ɗantata ma da wannan fataucin goron suka tashi. Ta gabas kuma hanyar Makka ce a ƙafa, mutum ya yi shekaru yana tafiya yana tsayawa noma a Cadi da Sudan, bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru jama'arsa suka bi ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nilu, garin yana nan da sunan har yau. To duk waɗannan in sun samu mai zuwa gida sukan ba da saƙo, amma fa lura da sunan abin, tsaraba ake cewa. Tsaraba ba ta da rana ba ta da adadi, in ta zo a yi murna a sa albarka, in ba ta zo ba a ce hanya ce. Nisa yana kare matafiyi, babu mai iya binshi Salaga ya ce mishi an koro yara daga makaranta.

Kuma tun lokacin mutane sun koyi darasi mai ɗaci a kan tara komai a ƙasar wani. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu sati biyu su fice, mutanen da suka yi shekara talatin a can suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka, wanda ya riƙa aikowa gida ya tarar da ɗaki da mutunci, wanda ya yanke zumunci ya dawo yana raɓe-raɓe. A 1983 mu ma muka rama a zamanin Shagari, aka kori sama da mutum miliyan ɗaya, yawanci 'yan Gana, har jakar nan mai layi-layi ta samu sunan Ghana Must Go. Ina ganin daga irin wannan ne tsofaffinmu suka riƙe cewa aike gida ba kyauta ba ce kawai, ajiya ce, kowa ya bar gida gida ya bar shi.

Abin da na gani da idona shi ne zamanin kaset. Kawuna ƙanin mahaifiyarmu ya tafi Jidda ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na Babangida ya fara karya naira daga 1986, likitoci da nas-nas suna tafiya Saudiyya da takardu, irin su Kawu kuma su shiga da bizar Umara su ɓace a zama takari. Sau ɗaya ko biyu a shekara wata Hajiya 'yar Kano-Jidda za ta iso gidanmu da ƙulli, a ciki akwai dabino, jallabiya, carbi, ɗan turare, ambulan da aka naɗe riyal a ciki aka liƙe da salatif har sai an sa reza, sai kuma kaset. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a aike ni sayo batir, kakarmu ta sa rediyon a gabanta kamar shi ne Kawun. Zai yi minti goma yana gaisuwa, kowa da sunansa har akuyar gida sai ya tambaya, sannan ya zo kan rabo, "Inna kaza naki ne, Yaya a gyara rufin ɗakin baya kafin damina, ragowar a ba Malam ya yi mana addu'a." Kaka tana amsawa tana "to, to ɗan nan, Allah ya yi maka albarka" kamar yana jin ta. Washegari a juya kaset ɗin mu ma mu yi namu. Abin da ban gane ba sai da na girma, shi ne yake yanke nawa da yaushe da kuma wa, mu namu godiya. Kuma bai taɓa faɗa a kaset cewa wankin mota yake yi yana kwana su takwas a ɗaki yana gudun askar, wato 'yan sandan Saudiyya, ba.

Daga nan komai ya yi sauri. Western Union ta shigo bankuna a shekarun 1990, wayar salula ta zo 2001, shekarar da rikicin Jos na Satumba ya ɓarke, bayan 'yan watanni a 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Gaskiya a nan dole a yi wa 'yan waje adalci, gidaje da yawa da aka ƙona a 2001 da 2008 da 2010 da jarin da ya zama toka, kuɗin ɗan'uwa na Saudiyya ko Libiya ko Amurka ne ya tada su, ba wani tallafi ba. Amma wayar da ta kawo wannan sauƙin ita ce ta rushe katangar nan ta nisa. Da ana cewa zumunta a ƙafa take, yanzu ta koma cikin WhatsApp, ƙarfe biyun dare mutum ya fito daga aiki ya tarar da saƙon murya goma sha biyu, kowanne ya fara da doguwar gaisuwa ya ƙare da lambar akawun. Tsaraba ta zama albashi, har ana cewa "bai turo na wannan watan ba".

Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Ƙididdigar Bankin Duniya tana nuna abin da 'yan Najeriya ke turowa yana kai-kawo wajen dala biliyan 20 a shekara, ya haura haka a 2018, ya faɗo a 2020 lokacin korona. Gwamnati ma ta sa ido a kai, aka kafa hukumar 'yan Najeriya mazauna waje ta NiDCOM da Abike Dabiri-Erewa ke shugabanta, a 2021 Babban Banki ya fito da tsarin ƙara wa mutum naira 5 a kan kowace dala in ya karɓa ta banki, duk dan a janye mutane daga hannun 'yan canji. Namu na arewa dai da yawa ba ya bi ta nan, a ba wani riyal a Makka, ɗan'uwansa a kasuwar canji ta Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja ya tura naira cikin minti biyar, amana ce kawai babu takarda, kuma ba za ka ga laifinsu ba tunda turo kuɗi Afirka kudu da Sahara ya fi ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari ake yankewa.

Sai 2023 ta zo ta ƙara dagula lissafi. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, fam ya taɓa 2,000. Kenan a wancan farashin fam 100 ya kusa ninka sau uku mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar daga baya a 2024. Na gida yana lissafi da naira yana ganin ai ɗan abu kaɗan ne a wajenta, ita kuma tana lissafi da awa nawa za ta tsaya a ƙafa. Na ce "ita" saboda yayata nake nufi, tana cikin waɗanda suka tafi Ingila aikin kula da tsofaffi bayan an buɗe bizar a 2022, ta yi sa'a ta shiga da yaranta kafin a hana tafiya da iyali a Maris 2024. Haya, kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki, harajin ƙaramar hukuma, kafin wata ya raba albashin ya tafi. Ta yi shekara guda tana turo kuɗin gini wa wani ɗan'uwanmu, yana tura mata hoto har an kai linta, ranar da ta ce in je in duba mata na tarar da fili da ciyawa da bulo bai fi ɗari biyu ba, hoton ginin maƙwabci ne. Da aka zauna a gaban manya cewa ya yi aro ya yi, kuma ai ita Allah ya buɗa mata. Aka ce ta yi haƙuri, zumunci. Wallahi har yau in na tuna yadda aka juya maganar ta koma ita ce za ta ba da haƙuri raina ɓaci yake.

A nan ne nake ganin 'yan majalisarmu suna cakuɗa abu biyu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san a Malikiyya ciyarwar da ta wajaba a kan mutum ita ce ta matarsa da 'ya'yansa ƙanana da iyayensa in ba su da hali shi kuma yana da shi. Yaya da ƙani da ɗan baffa da abokin firamare, wannan sadaka ce da sada zumunci, lada ne babba amma ba bashi ba ne. Yaron nan da ake zagi bai bar wajibi ba. In an saida fili an mishi biza, to wannan bashi ne ya biya masu filin, a yi lissafi a rufe, ba wai ya zama rijiyar unguwa har ya mutu ba. Amma su ma masu cewa a daina turowa kwata-kwata su je su tambayi ɗalibanmu da mazauna Sudan da yaƙin Afrilun 2023 ya koro, ko waɗanda suka gudo daga Libiya a 2011, wa ya tarbe su.

Maganar kaya kuwa ni na daɗe da sallamawa, kuɗin kago sau da yawa ya fi kayan, takalmi ya zo bai shiga ƙafar kowa ba a yi ta gaba a kai, alhali irinsa na nan jibge a gwanjon Katako. Rigar sanyi ce kawai ba na musu, mu a Jos tana mana aiki a watan Disamba. Magani da waya ma to.

Yanzu Yaya ta tsayar da abu ɗaya, duk farkon wata alat na shiga wayar Hajiyarmu, kuɗin makarantar marayun ƙaninmu kuma kai tsaye take biya wa makarantar, saƙonnin murya sai ranar Lahadi take buɗewa. Wasu a dangi sun daina gaishe ta. Satin da ya wuce aka samu mai tafiya, Hajiya ta kwana tana ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji, ta ɗauko kilishi na ce Hajiya wannan ƙwacewa za su yi a filin jirgi, ba a shiga musu da nama. Ta harare ni ta ce to a bar shi, ta ƙara daddawa a gurbinsa, sannan ta miƙo min wayarta ta ce in danna mata wajen magana, ta fara gaisuwa tun daga kan jikokin ɗaya bayan ɗaya.