Fasahar BIM da Tattalin Kaya a Aikin Gini

BIM, kamar yadda masu sana'ar gini ke taƙaita sunanta na Turanci (Building Information Modelling), hanya ce ta tayar da gini a cikin kwamfuta tun kafin a haƙa fandisho. Ta sha bamban da zanen takarda, domin kowane bango, ginshiƙi, taga da bututu da ke cikin siffar ginin yana ɗauke da bayanansa: tsawo, kauri, abin da za a yi shi da shi, wani lokaci har da farashi. Idan mai zane ya matsar da bango guda, sauran zane-zanen da lissafin bulo sai su gyaru da kansu.

Tushen tunanin yana komawa ga Charles Eastman, malamin jami'a a Amurka, wanda ya bayyana shi a 1975. Manhajar ArchiCAD ta fito daga ƙasar Hangari a shekarun 1980, sai Revit a 2000, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2002. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta fasahar a kwangilolinta daga 2016, kuma a 2018 aka fitar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 19650 don tsara musayar bayanan.

Babban amfaninta shi ne kama kuskure da wuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini a Bauchi ko Gombe ya san abin: an zuba kankare ya bushe, an yi filasta, sai ga mai aikin famfo da guduma yana fasa bango don ya sami hanyar bututu, gobe kuma mai wayarin ya zo ya fasa nasa. Kuɗin mai gida ne ke zubewa a ƙasa, ginin kuma yana raunana. A BIM ana haɗa aikin mai zane da na injiniyoyi wuri guda, manhajar ta nuna inda bututu ya ci karo da ginshiƙi, a gyara a kan allo. Haka kuma tana fitar da adadin siminti, rodi da kwano, abin da ke rage jayayya tsakanin mai gida da ɗan kwangila.

Nan ne fasahar ta haɗu da batun muhalli. Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, saboda sai an gasa dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai maki 1,450 a ma'aunin Salshiyos. Irin aikin da masana'antar Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye a jihar Gombe take yi ke nan. Saboda haka buhun da aka fasa aka zubar asara ce biyu, ta aljihu da ta iska.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu rana a wannan yanki takan kai maki 40, kuma ɗakin bulo mai rufin kwano yakan zama tanderu. Manhajar na iya kwaikwayon tafiyar rana a kan fili, ta nuna ɗakin da zai fi ɗaukar zafi da la'asar, sai a juya dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, a rage tagogin yamma, a faɗaɗa inuwar rufi. Maginan zamanin da sun san wannan tun tuni. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a jihar Bauchi, wanda ake danganta wa Babban Gwani Muhammadu Durugu, da tubali da azara aka yi shi, kuma kaurin bangonsa ke hana zafin rana shiga sai dare ya yi. Abin takaici ne yadda aka mayar da ginin ƙasa alamar talauci. Da BIM ana iya gwada bulon jar ƙasa da aka matse da inji aka sa masa siminti kaɗan, irin wanda cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI ke tallatawa, a kwatanta shi da bulon siminti da alƙaluma.

A garin Gombe kuwa, inda zaizayar ƙasa ta ci gidaje da dama, saka tudu da gangaren fili a cikin siffar na nuna inda ruwan rufi zai bi, da girman tankin da zai tare shi kafin ya shiga kwari.

Yaɗuwarta a yankin tana tafiyar hawainiya. Lasisin manhajojin da dala ake biya, suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa, sannan yawancin gidaje kaɗan-kaɗan ake gina su, mai gida da birkila kawai. Ɗaliban zanen gini da ƙididdigar kayan gini a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi su ne ake sa ran za su kai ta wurin aiki, inda yanzu ana iya buɗe siffar gini a wayar hannu a nuna wa birkila inda bututu zai bi kafin ya ɗora layin bulo na farko.