Layin DSL na gida da kamfanin samar da intanet

DSL hanya ce ta aika bayanan kwamfuta a kan wayar jan ƙarfen da aka ja wa gida domin tarho. Muryar mutum ba ta cin fiye da kilohaz 4 (ma'aunin zangon sigina) na abin da wayar ke iya ɗauka, sai aka bar wa bayanai zangon da ke sama da nan. Nau'in ADSL, wanda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta tsayar da ƙa'idarsa a 1999, yana aiki daga kusan kilohaz 26 zuwa 1,104. Shi ya sa ake buga waya ana kuma shiga intanet a kan layi ɗaya.

Sai dai layin shi kaɗai ba intanet ba ne. Iyakarsa daga modem ɗin gida, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin, zuwa wata na'ura mai suna DSLAM, wadda ke cibiyar kamfanin tarho ko cikin akwatin bakin titi. Daga nan sai an sami wanda zai tantance mai layin, ya ba shi adireshin IP, wato lambar da ake gane na'urarsa da ita a intanet, ya fitar da bayanansa zuwa sauran duniya. Wannan aikin kamfanin samar da intanet ne, kuma ba makawa sai da shi. Abin da ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa shi ne ko za a biya shi daban, ko kuwa kuɗinsa na cikin kuɗin layin.

Yadda ake sayarwa

A Afirka ta Kudu an daɗe ana rarraba biyan. Bayan da kamfanin tarho na Telkom ya fara ADSL a 2002, mai gida yakan biya kuɗi uku: hayar layin tarho, hayar ADSL a kan layin, sannan asusun intanet daga kamfanin da ya zaɓa, irin su MWEB, wanda a farkon shekarun aka ƙayyade wa gigabayit 3 a wata. Wanda ya biya biyun farko ya tsaya, modem ɗinsa zai haɗu da cibiya sarai, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Jamus ma ta yi irin wannan tsari da T-DSL na Deutsche Telekom daga 1999: layi daban, yarjejeniyar intanet daban.

A Birtaniya yawancin wayoyin suna hannun Openreach, sashen da aka ware a cikin kamfanin tarho na BT a 2006. Mai gida ba ya hulɗa da shi kai tsaye. Yakan biya kamfani ɗaya, kamar Sky ko TalkTalk, shi kuma ya yi hayar wayar daga Openreach. A Amurka an taɓa tilasta wa manyan kamfanonin tarho su bar ƙananan kamfanonin intanet su bi ta layukan DSL ɗinsu, amma hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta janye wannan sharaɗi a 2005, daga nan sayen layi da intanet a hannu ɗaya ya zama ruwan dare. A Najeriya kuwa tambayar ko za a biya kamfanin intanet daban ba ta cika tasowa ba, domin layukan ƙasa na NITEL sun durƙushe kafin DSL ya yaɗu, jama'a suka koma intanet na wayar hannu.

Gane irin wanda aka saya

Takardar yarjejeniya ce ke raba gardama. In ta ambaci hayar layi da gudunsa kawai, da sauran aiki: sai an nemi kamfanin intanet daban. In an ba da sunan shiga da kalmar sirri, ko aka aiko da modem da aka riga aka saita, to intanet na ciki. Sunan shigar yakan zo da alamar @ kamar adireshin imel, kuma abin da ke bayan alamar ne ke nuna wa na'urorin kamfanin tarho kamfanin intanet ɗin da za su miƙa wa bayanan. Saboda haka a tsarin rabe-raben ana iya sauya kamfanin intanet ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba, sunan shiga kawai za a canza a cikin modem.

Fitilun modem ma suna faɗin wanda za a kira. Fitilar DSL da ke ƙiftawa ba ta tsayawa tana nuna matsalar layi ce: waya ta yi tsatsa, ko gidan ya yi nisa da cibiya (bayan kusan kilomita 5 ADSL kan gaza), ko an jona tarho ba tare da ƙaramar filtar da ke raba murya da bayanai ba. Galibi kowane tarho da ke kan layin sai da tasa filtar. In fitilar DSL ta tsaya cak amma ta intanet ta ƙi kamawa ko ta yi ja, layin lafiya lau yake, sai a duba asusu: kuɗi ya ƙare, kalmar sirri ba daidai ba, ko saiti ya kauce. A Windows, kuskure mai lamba 691 na nufin an ƙi karɓar suna ko kalmar sirri.

Saitin da ya fi ba da wahala shi ne hanyar haɗi, wato tsarin da modem ke bi ya shiga asusun intanet (PPPoE ko PPPoA), da lambobi biyu masu nuna hanyar da bayanai za su bi a kan layin, VPI da VCI. A Birtaniya 0 da 38 aka saba, a layukan Deutsche Telekom 1 da 32. Akwai kuma girman ƙunshin bayanai: PPPoE na cin bayit 8 daga cikin 1,500, don haka MTU, wato iyakar girman ƙunshi ɗaya, ya zama 1,492. In aka bar shi a 1,500, wasu shafuka kan buɗe, wasu su maƙale a tsakiya, mutum ya ɗauka layin ne ya lalace. Ya kamata a rubuta duk waɗannan a takarda tun ranar da aka haɗa layin, domin danna maɓallin mayar da modem yadda ya fito daga masana'anta yana goge sunan shiga da kalmar sirri gaba ɗaya.