Me ake nufi da zanen "romantik"?

Wanda ya ga sanarwar baje kolin zane-zanen "romantik" na Birtaniya zai iya zaton hotunan saurayi da budurwa zai tarar. Ba soyayya ake nufi ba. Romantik suna ne na wani salo da ya ratsa zane da waƙa da kiɗa a Turai, tun daga ƙarshen ƙarni na 18 har wajen tsakiyar na 19. A lokacin ana auna komai da lissafi, ga hayaƙin masana'antu yana rufe garuruwan Ingila. Sai wasu masu zane suka ce abin da zuciya ke ji idan ta fuskanci halitta shi ya cancanci zanawa: firgicin teku idan ya fusata, haɗuwar hadari, ƙanƙancin ɗan Adam a gindin dutse.

Mutum biyu ne ba a rasa su a irin wannan baje koli. John Constable, wanda aka haifa a 1776, bai yi nisa da gida ba. Kogin Stour na yankinsu Suffolk ya yi ta zanawa, kuma a shekarun 1821 da 1822 ya duƙufa kan zanen gajimare a unguwar Hampstead ta Landan, yana rubuta rana da sa'a da inda iska ta dosa a bayan takardun. Zanensa na amalanke a cikin ruwa, The Hay Wain, bai samu mai saye ba da aka fara nuna shi a Landan a 1821, amma ya ci lambar zinariya a Paris a 1824.

Na biyun, J.M.W. Turner, shi ne ya fi kama mini rai. Haske da guguwa yake zanawa, har jirgi da teku da sama su cakuɗe ka rasa iyakar kowanne. A 1840 ya fitar da zanen wani jirgin bayi: rana na faɗuwa jawur, guguwa na tahowa, a cikin ruwa kuma hannaye ne da ƙafa ɗaure da sarƙa, kifaye na kai musu cafka. Ana danganta shi da abin da ya faru a jirgin Zong a 1781, inda aka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku da ransu domin masu jirgin su karɓi kuɗin inshora. Mutanen nan daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso su. Duk wanda ya ce romantik kyau ne zalla, to ya dubi wannan zane, wanda yanzu yake birnin Boston na Amurka.

Hoton waya ba ya isar da waɗannan ayyuka, shi ya sa mutane ke yin takakkiya don ganinsu. Sai ka tsaya a gabansu za ka ga kaurin fenti da sawun buroshi, ka ja baya kuma siffar ta haɗu. Da Turner ya mutu a 1851, zanen fenti kusan 300 da dubban zanen takarda suka zama mallakar ƙasa. Galibinsu suna gidan Tate Britain a Landan, The Hay Wain kuma yana National Gallery. Shiga ɗakunan dindindin na gidajen biyu kyauta ne, baje koli na musamman ne ake sayen tikiti.