Kalmar "trocken" a jikin kwalba ba ta nufin babu barasa

Wata magana tana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Jamus, wai duk kwalbar farar giyar inabi da aka rubuta wa "trocken" an riga an busar da barasar cikinta, don haka ana iya sha ko a zuba a miyar kifi. Na ga inda aka dauko fassarar, domin kalmar a Jamusanci "busasshe" take nufi. Sai dai dokar da ta tsara rubutun jikin kwalba sukari take aunawa da wannan kalma, ba ruwanta da maye.

Ga ka'idar: ana kiran giyar inabi "trocken" idan sukarin da ya rage bai wuce giram 4 a lita ba. An yi sassauci har zuwa giram 9, da sharadin kada tsamin ya gaza sukarin da fiye da giram 2. Wato kwalba mai sukari giram 8 sai tsaminta ya kai giram 6. Sassaucin ya yi wa manoman inabin Riesling na yankunan Mosel da Rheingau a Jamus daidai, domin inabin kasar sanyi tsami gare shi kamar danyen lemun tsami, yana boye zakin a baki. Wannan tsamin ne ma ya sa Jamusawa ke hada ta da kifi da farin asparagus, wani kayan lambu, a lokacin bazara.

Inda masu jita-jitar suka fi yin baya ba zani shi ne nan: sukarin da ya "bushe" ba bacewa ya yi ba, yis ne ya cinye shi ya mayar da shi barasa. Shi ya sa Riesling mai "trocken" takan kai kashi 12 cikin dari, alhali mai zakin ta Mosel takan tsaya wajen kashi 8. Wanda ya gudu daga mai zaki ya dauki busasshiya, gudun gara ya yi ya fada gidan zago.

Saura "alkoholfrei", wadda a ganina ita ce ta fi rudarwa. A baki ma'anarta "babu barasa", amma doka ta yarda a buga ta a kan abin sha mai barasa har kashi 0.5 cikin dari. Gaskiya ne kwalba goma ba za su juya wa mutum kai ba. Amma mai ciki, da wanda ya tuba daga shaye-shaye, da Musulmin da ke gudun ko digo, duk an bar su da karanta kananan haruffa, kuma tilasta rubuta adadin barasa a kwalba sai ya haura kashi 1.2 yake farawa. Ban ga adalci a nan ba. Mai son kauce wa shakka ya nemi wadda aka rubuta wa 0,0, hukuncin sauran kuma ya tambayi malaminsa.



A gidan abinci kuwa, idan ka ga "Weißwein", wato farar giyar inabi, a sunan miya, giya aka zuba, kuma dahuwa ba ta kore ta duka. Ka tambayi mai kawo abinci kafin ka sa cokali.