Yadda zanen yaƙe-yaƙen Turawan Ingila ya tashi daga jarida ya koma bangon falo

A shagunan tsofaffin kaya na Landan, da kasuwannin intanet irin su eBay da Etsy, ba a rasa su. Baƙin zane ne a kan takardar da ta soma yin ja, ga sojojin Ingila sun jeru da bindigogi, hayaƙi ya turnuƙe, can gefe kuma mayaƙan Fashtun ko Zulu ko Ansaru na Mahadi suna zubewa. An sa wa kowanne firam, ana sayarwa don ƙawata falo ko otal. Sai dai waɗannan takardu tun asali labarai ne, irin na ƙarshen mako.

Tushen abin shi ne ranar 14 ga Mayu, 1842, da Herbert Ingram ya fito da jaridar Illustrated London News, ana sayar da ita sisi. A 1869 The Graphic ta shigo gasa. Kyamarar wancan zamani ba ta kama abu mai motsi, injin ɗab'i kuma bai iya buga hoto kai tsaye ba, don haka sai jarida ta tura mai zane ya bi runduna. Haka Melton Prior ya je yaƙin Asante, a ƙasar Ghana ta yau, a 1873, William Simpson ya bi sojoji zuwa Afganistan a 1878.

Yadda aikin ke tafiya shi ne ya fi jan hankalina. Mai zane zai yi ɗan zanen gaggawa da fensir a sansani, ya rubuta bayani a gefe, a sa a jirgin ruwa, ya yi makonni a hanya. A Landan wani daban zai sake zana shi a kan katako mai tauri da aka harhaɗa gunduwa-gunduwa da noti. Sai a kwance notin, a raba wa masassaƙa, kowa ya duƙufa a kan nasa yanki, a sake ɗaurewa a kai wajen bugu. Ke nan hoto ɗaya ya bi ta hannaye da dama, kuma yawancinsu ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba. Abin da takardar ba ta nuna ba, a cike shi da ka.

Shi ya sa zaɓin abin da za a zana ya zama siyasa. A Isandlwana ta Afirka ta Kudu, ranar 22 ga Janairu, 1879, Zulu sun kashe mutum sama da 1,300 a ɓangaren Ingila, amma ƙaramin sansanin Rorke's Drift da ya tsira a daren ranar shi ya sha zane har ba adadi. A Omdurman ta Sudan kuwa, 2 ga Satumba, 1898, bindigar Maxim da igwa sun kashe Ansaru kusan 10,000, waɗanda suka mutu cikin Turawa da sojojin Masar ba su kai 50 ba. Duk da haka, abin da masu zane suka fi so shi ne sukuwar dawakin runduna ta 21, wadda Winston Churchill yana matashi ya kasance a ciki. Doki da mashi sun fi injin kisa kyau a takarda.

Mu ma muna ciki. Rundunar da Kyaftin John Glover ya soma tarawa a Legas a 1863 da sunan Hausawa aka san ta, kuma ya kai su yaƙin Asante, wanda ya ƙare da ƙona Kumasi a Fabrairun 1874. Jaridun sukan rubuta sunansu "Houssa". Amma kafin Turawa su ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Sakkwato a watan Maris, har a kai ga Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, sana'ar sassaƙa katakon ta kusa mutuwa, an riga an gano dabarar buga hoton kyamara a jarida.

Hawan waɗannan zane-zane bango bai yi wuya ba. Ana ɗinke jaridun nan kundi-kundi, duk wata shida. Da ɗakunan karatu da manyan gidaje suka fara rage kaya, dillalai suka lura kundin da aka yayyage shafi-shafi ya fi kawo kuɗi a kan a sayar da shi ɗungurungum. Wasu ma sukan shafa launi da hannu don ya ƙara armashi, alhali baƙi da fari aka buga shi. Yanzu kuma da haƙƙin mallaka ya daɗe da ƙarewa, kowa na iya ɗaukar hoton shafin ya buga a kan kyalle, girman da mai saye ke so.

Na asalin ba ya ɓuya. Ka ɗaga shi wajen haske, za ka hango rubutun bayan shafin yana leƙowa, da ɗigo-ɗigon tsufa, da ƙananan hudojin allura inda aka ɗinke kundin. A ƙasa kuma ga taken da edita ya sa, wanda sau da yawa yake kiran masu kare garinsu 'yan tawaye ko masu tsattsauran ra'ayi. Dillalai ba sa yanke wannan layin, domin shi ne shaidar cewa takardar ta gaske ce, kuma da shi take yin tsada.