Wai mene ne "kwaɗon dafin kibiya" da ake ta yawo da hotonsa?

Kun san hoton nan na wani ɗan kwaɗo rawaya shar kamar an tsoma shi a fenti, ana rubuta wai shi kaɗai zai kashe mutum goma? Toh ba haɗin kwamfuta ba ne, akwai shi da gaske, sai dai sunan nan "kwaɗon dafin kibiya" yana ɗan rikita mutane don ba kwaɗo ɗaya ake nufi ba, dangi ne guda mai nau'i sama da 170 a dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma a cikinsu duka uku kacal aka tabbatar mutane na shafa dafinsu a makami, sauran duk sun ci albarkacin suna ne kawai.

Wanda ya fi kowa a ukun shi ne wannan rawayan, masana na kiran sa Phyllobates terribilis. Yana can Kolombiya, yankin Cauca wajen gaɓar tekun Fasifik, kusa da kogin Saija inda ruwan sama kusan ba ya ɗaukewa. Tsawonsa kamar santimita 5, bai kai ɗan yatsanka ba. Sai a 1978 ma masana uku, Myers da Daly da Malkin, suka rubuta bayaninsa, alhali mutanen Embera na wurin sun san shi tun kaka da kakanni.

Kibiyar ma ba irin tamu ba ce ta kwari da baka. Maharbanmu na da, tsiro suke dafawa irin su ƙwanƙwani su shafa a bakin kibiya, su kuwa Embera wani ɗan tsinke ne siriri suke sawa a dogon bututu su hura da baki. Maharbi zai danne kwaɗon da ɗan itace, ya goga tsinin tsinken a bayansa sau biyu uku, ya sake shi ya tafi abinsa, kuma tsinken nan zai iya shekara dafin bai mutu ba. Sauran nau'i biyun sai an wahalar da su, har a kara su kusa da wuta kafin dafin ya tsatso, shi wannan gogawa kawai ta isa.

Dafin sunansa batrakotoksin, a fatarsa yake, ba ya cizo ba ya harbi. In ya shiga jini sai ya buɗe ƙofofin da jijiyoyi ke aika saƙo da su ya hana su rufewa, tsoka ta sandare zuciya ta rikice ta tsaya, kuma har yau babu maganin da ke karya shi. Shi ya sa ba ya ɓuya kamar kwaɗinmu da sai dare ya yi ka ji su, shi da rana tsaka yake yawonsa a fili, launin nan sanarwa ce, wanda ya taɓa don kansa. Wani maciji ne kawai aka sani da ke iya jure dafin, shi ma ƙanana ya fi ci.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dafin ba nasa ba ne fa. In aka ƙyanƙyashe shi a gidan zu ko a akwatin gilas a Turai ana ba shi ƙananan ƙudaje, zai girma lafiya lau da launinsa da komai amma ba dafi ko kaɗan. Daga ƙwarin da yake ci a ƙasan daji yake tara shi. An ma samu irin wannan dafin a jikin wasu tsuntsaye can Niyu Gini, aka bi diddigi aka gano wani ɗan buzuzu da suke ci ne, shi ya sa ake zargin shi ma kwaɗon wani abu mai kama da haka yake haɗiya.

Uban kuwa yana da kirki, macen za ta zuba ƙwai a cikin ganyayen da suka zube, in sun ƙyanƙyashe sai 'ya'yan masu wutsiya su manne a bayansa ya goye su har bakin ruwa.

Yanzu dai hukumar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari a duniya ta sa shi a layin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, don duk duniya wannan ɗan yankin ne gidansa, ga sare daji, ga masu haƙar zinare ta bayan fage suna lalata rafuka, ga gonakin koka, ganyen da ake yin hodar iblis da shi. Sannan ga 'yan sumoga, don Turawa na kashe kuɗi sosai kan irin kwaɗin nan suna ajiyewa a falo. A farkon 2024 an kama wata mata a filin jirgin Bogota, babban birnin Kolombiya, da kwaɗi 130 na wani nau'in, ta cusa su a 'yan gwangwanayen fim. Wani kamfani mai suna Tesoros de Colombia ya ɓullo da dabarar kiwon su yana sayarwa da takarda don ya karya wa 'yan sumoga kasuwa, ni dai a ganina wannan na rage ɓarna amma kwaɗon da ke akwati ai hotonsa ne kawai ya rage. A 2012 ƙungiyar ProAves mai kare namun daji a Kolombiya ta sayi wani yanki na dajin ta killace da sunan kwaɗon, filin bai ma cika hekta 100 ba.